Tarihin Koyar da Tsabtar Jinya da Halin Gaɓar Tafkin Kainji

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda aka fara koya wa ɗaliban jinya hanyoyin hana cuta yaɗuwa a asibiti, sa'an nan mu auna wannan koyarwa da halin ƙasar Yauri, watau Yelwa da Ngaski da Shanga da ƙauyukan gaɓar tafkin Kainji. Abin da muke kira tsabtar jinya ya wuce shara da wankin zannuwan gado. Muna nufin kiyaye hannu da allura da almakashi da auduga, don kada su ɗauki ƙwayar cuta daga wani jiki su kai ta wani.

Yana da kyau mu tuna cewa a kan ɗalibai wannan ilmi ya fara. A shekarar 1847 wani likita, Ignaz Semmelweis, ya lura a asibitin birnin Viyana cewa masu jego sun fi mutuwa a ɗakin da ɗaliban likitanci ke karɓar haihuwa, bisa ga ɗakin da ungozomai ke aiki. Dalili kuwa shi ne ɗaliban sukan fito daga wurin feɗe gawa su taɓa mata. Da ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin, sai mace-macen suka ragu ƙwarai cikin 'yan watanni. A 1860 Florence Nightingale ta buɗe makarantarta ta jinya a Landan, a 1867 kuma Joseph Lister ya bayyana yadda yake tsabtace rauni da kayan fiɗa da sinadarin kabolik.

A Nijeriya an kafa hukumar ungozomai a 1930, majalisar ma'aikatan jinya a 1947, aka kuma haɗe su wuri ɗaya a 1979. Amma a karkarar Arewa, nauyin aikin ya daɗe a wuyan disfensan En'e, wanda horonsa bai kai na nas ba. Kayan aikinsa sirinjin gilashi ne da 'yan allurai da tukunya da risho. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da fenisilin ya samu, jama'a suka ga ciwon da ya gagari magani yana warkewa cikin kwanaki, sai allura ta sami martabar da ƙwaya ba ta da ita. To, a nan matsalar take. Idan layi ya yi tsawo, allurai kaɗan ne, kananzir kuma ya yi ƙasa, abin da za a fara tauyewa shi ne lokacin tafasa kaya, domin shi ne aikin da majiyyaci ba ya gani.

An gina madatsar Kainji daga 1964 zuwa 1968, aka tayar da mutane wajen 44,000 daga mazauninsu, cikinsu har da Gungawa da suka bar tsibiransu suka koma gaɓa. Kogin da ke gudu ya zama ruwa kwance, irin wanda katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take so. Ya kamata mu dubi abin da ya faru a Masar, inda tsargiya ta yi yawa a da. Daga wajen 1950 zuwa farkon shekarun 1980 an yi wa miliyoyin mutane allurar maganinta da sirinjin da ba a tsabtace sosai ba, daga baya bincike ya nuna cewa ta wannan hanya ce ciwon hanta nau'in C ya bazu a ƙasar. Ma'aikatan sun yi nufin alheri, kuma sun yi aiki tuƙuru. Ba mu san wani misali da ya fi wannan dacewa a karanta wa ɗalibin da za a tura bakin tafki ba. A ƙarshen 1970 kuma kwalara ta shigo Nijeriya, a 1971 aka lissafa masu ita fiye da 22,000. Cuta ce da ke bin ruwan sha da hannun mai jinya, kuma al'ummar da ke sha da wanka da wanki a ruwa ɗaya tana cikin haɗarinta.

Shi kansa ma'aikaci bai tsira ba. A 1969 wata nas 'yar mishan, Laura Wine, ta kamu da zazzaɓi a garin Lassa, aka kai ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta rasu. A 1970 likita Jeanette Troup ta yanke a hannu wajen binciken gawa a Jos, cutar ta kashe ta. A 1989 zazzaɓin Lassa ya ɓarke a asibitoci biyu a Jihar Imo, mutum 34 suka kamu, 22 suka mutu, aka kuma gano cewa maimaita allura da sirinji na cikin abin da ya yaɗa shi. A 2014 Ebola ta kashe likita Stella Adadevoh da nas Justina Ejelonu a Legas.

Yanzu sai mu dawo kan koyarwa. Ɗalibin da ya yi karatu a Birnin Kebbi ko Sakkwato ya koyi aikin a inda akwai famfo da na'urar turara kaya da safar hannu. Ranar da aka tura shi ɗakin shan magani a wani ƙauye na Ngaski ko Shanga, mai yiwuwa randa da buta zai tarar, ko da kuwa tafkin da ke ba ƙasa lantarki yana gabansa. A ganinmu, wanda aka koya wa jerin matakai kawai zai watsar da su da zarar kayan sun yanke, amma wanda aka koya wa dalili zai nemi madadi. Alal misali, zai san cewa wanke hannu da sabulu, wani yana zuba masa ruwa daga buta, ya fi tsoma hannu a kwano ɗaya da kowa ya tsoma, ko da an ɗiga Dettol a ciki, kuma tawul ɗaya na kowa da kowa yana mayar da abin da aka wanke. Jama'armu sun saba da zuba ruwa daga buta wajen alwala, sun saba da tafasa ruwan wankan jego, saboda haka bayanin ba zai yi musu baƙo ba. Zai kuma san cewa ana ƙirga minti 20 na tafasa kaya ne daga lokacin da ruwan ya fara tafasa, kuma tafasawar ba ta tabbatar da mutuwar ƙwayar sarƙewar haƙora, sai tururi mai matsi da zafinsa ya kai digiri 121. Tukunyar matsi a kan risho tana iya wannan aiki.

Har ila yau, ba shi kaɗai ke riƙe da kaifi a ƙauye ba. Ungozoma tana yanke cibi, wanzami yana kaciya da ƙaho da cire belu, kuma su jama'a suka fi sani. Manhajar da ba ta koya wa ɗalibi yadda zai zauna da su cikin ladabi ya nemi a yi amfani da sabuwar reza ga kowane jariri ba, ta bar babban giɓi.

Sirinjin roba da ake amfani da shi sau ɗaya ya kawar da tukunyar disfensa, amma ya kawo tasa wahalar, watau inda za a kai shi bayan an gama. Mayar wa allura murfi da hannu biyu yana cikin manyan hanyoyin da ma'aikaci ke soke kansa, kuma allurar da aka jefar a juji kusa da ruwa yara ne za su tsince ta. Muna ba da shawara a riƙa yi wa ɗalibi wani ɓangare na jarrabawar aiki a ɗakin shan magani na karkara, a ba shi buta da sabulu da akwatin zuba allurai, mai jarrabawa ya tsaya ya ga yadda zai wanke rauni daga farko har ya kai kayan da ya ɓata ramin ƙonawa.