Cutar Asma a Masana'antun Tabar Wiwi na Amurka

Asmar wurin aiki ita ce wadda abin da mutum ke shaƙa a bakin sana'arsa ke haddasawa. A jihohin Amurka da suka halatta tabar wiwi, masu niƙa furenta da masu naɗa ta na yini cikin ƙurar ganyen da fumfuna. A watan Janairun 2022, wata ma'aikaciya 'yar shekara 27 ta rasu a jihar Massachusetts. Hukumar CDC ta ce wannan ne karon farko da aka tabbatar cutar ta kashe ma'aikacin wiwi a ƙasar. Alamunta su ne tari, shessheƙa da ɗaurewar ƙirji, su lafa ranar hutu, su dawo da an koma aiki. Rigakafinta kuwa: na'urar zuƙe ƙura, takunkumi, da raba mai ciwon da ƙurar tun da wuri.