Siyasar Amurka a Ƙasashen Waje da Asalin Ta'addanci: Yadda Al'amarin Yake Daga Iyakar Gumel

Manufar wannan takarda ita ce mu auna wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo tsakanin masana, watau cewa ta'addancin da ya addabi ƙasashen bakin Sahara tsiro ne daga irin da Amurka ta shuka. Za mu tsaya a ƙasar Gumel mu yi wannan awo, domin duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari takan cika da shanu da raƙuma daga Damagaram da Tanut, hanyar kuwa da ta wuce Damagaram ta nufi Agadas ita ce tsohuwar hanyar ayari zuwa Gat da Tarabulus. Abin da ya taɓa Libiya bai yi mana nisa ba.

Masu wannan suka, irin su Mahmood Mamdani a littafinsa na 2004, sukan fara ne daga Afganistan. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga ƙasar a Disambar 1979, suka fita a Fabrairun 1989. A tsakanin nan hukumar leƙen asiri ta Amurka, tare da Saudiyya, ta zuba kuɗi da makamai ga mujahidai ta hannun Pakistan. A nan ya kamata mu yi hattara: taimakon ya tafi ne ga ƙungiyoyin 'yan Afganistan, hujjar cewa an miƙa shi kai tsaye ga Usama bin Laden kuwa ba ta da ƙarfi. Amma fagen da aka share shi ne ya tara Larabawa masu sa kai, ya koya musu yaƙi. Da sojojin Aljeriya suka soke zaɓe a Janairun 1992, waɗansu daga cikin waɗanda suka komo suka shiga yaƙin basasar da ya biyo baya. Daga ɓurɓushin wannan yaƙi aka sami ƙungiyar da a 2007 ta raɗa wa kanta sunan Alƙa'ida a Magrib, ta kuma sami mafaka a arewacin Mali.

Cadi ta fi kusa da mu. Domin a karya Gaddafi, Amurka da Faransa sun tsaya wa Hissene Habre, wanda ya ƙwaci mulki a 1982. Shi ne wanda kotu a Dakar ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 2016 saboda kisa da azabtar da mutanensa.

Inda hujjar masu suka ta fi kaifi shi ne Libiya. Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudiri mai lamba 1973 da sunan kare farar hula. Ba ma yawan son tunawa, amma Nijeriya tana cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Ƙungiyar NATO ta mayar da ƙudirin ya zama na kawar da gwamnati, aka kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba. Rumbunan makamansa suka zauna ba mai gadi. Abzinawan da suka yi masa aikin soja suka komo Mali da motoci da manyan bindigogi, kafin tsakiyar Afrilun 2012 kuwa Kidal da Gawo da Tambutu duk sun fita daga hannun gwamnati. Shugaba Obama da bakinsa ya amsa a 2016 cewa rashin shirya wa abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne mafi munin kuskurensa. Ba mu ga abin da za a yi gardama a kansa a nan ba.

To, amma in aka kawo wannan ra'ayi gida, sai ya fara ɗingishi. An kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri ranar 30 ga Yulin 2009, shekara biyu kafin faɗuwar Gaddafi. Tarzomar Maitatsine da ta ci rayuka fiye da 4,000 a Kano ta faru ne a Disambar 1980, sa'ad da yaƙin Afganistan bai wuce shekara guda ba, da yawa daga mabiyansa kuwa kibau da adduna suka riƙe. Har wa yau, masu bin diddigin makamai sun nuna cewa kaso mai yawa na bindigogin Boko Haram daga barikoki da ofisoshin 'yan sandan yankin aka ƙwato su. Maganar da ake yi a majalisun hira, cewa Amurka ce ta ƙirƙiri ƙungiyar, tana da daɗin ji, zama tana wanke mu daga laifi, amma ba a kafa ta da hujja ba.

Ƙasar Gumel ita kanta shaida ce. Iyakarta a buɗe take, turawan Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, suka bar Tumbi, inda sarakunan Gumel suka taɓa zama, a ɓangaren Nijar. Talauci ma akwai shi. Tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, a kan layin Kano zuwa Nguru, ta rayu ne da gyaɗa, sai farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan ciniki. Ga iyaka, ga fatara, ga samari ba aiki, amma Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari ba su zama Bama ko Gwoza ba. Ke nan makami daga waje da yunwa daga ciki ba su isa su kaɗai ba. Abin da Barno ta samu wanda nan ba a samu ba shi ne malami mai ƙungiya a tsare, da 'yan siyasar da suka yi wasa da shi, da kisan da aka yi masa ba shari'a, sa'an nan da maɓoya a Sambisa da duwatsun Mandara da tsibiran Tafkin Cadi. Ƙasar Gumel fili ce fetal, baƙo ba ya kwana mai unguwa bai sani ba.

Akwai wani zargi da, a ganinmu, ya fi na haddasawa tsayuwa, shi ne na maganin da Amurka ta kawo. Ta kashe fiye da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas, wanda ya fara aiki a 2019, amma hare-hare a Tilaberi da iyakar Mali ƙaruwa suka yi. Waɗansu daga cikin hafsoshin da ta horar suna cikin waɗanda suka kifar da Shugaba Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, su ne kuma suka sallame ta, ta kwashe sojojinta a 2024. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi saboda wannan juyin mulki, daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, a kan dillalan shanu da 'yan dako da masu sayar da abinci na Maigatari ya sauka, waɗanda ba a shawarce su ba a Washington, ba a kuma shawarce su ba a Abuja.