Ruwan da Ba Shi da Tulu

A shekarata ta uku a jami'a, wani malaminmu ya jefo mana tambaya cikin raha: in mutum ya sami ruwan da ke narkar da komai, a wane tulu zai zuba shi? Muka yi dariya, aka wuce. Sai daga baya na gano cewa neman wannan ruwa ya cinye rayuwar mutanen da ba wawaye ba ne.

Paracelsus, likitan nan ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1541, shi ya fara kiran sunan, alkahest, amma maganin hanta yake nufi. Wanda ya mai da shi uban ruwaye shi ne Jan Baptist van Helmont, mutumin Brussels, wanda ɗansa ya buga littafinsa Ortus Medicinae a 1648, shekara huɗu bayan mutuwarsa. A ganinsa asalin kowane abu ruwa ne. Bai tsaya ga faɗa ba: ya dasa reshen itace mai nauyin fam 5 a cikin ƙasa fam 200, ya yi shekara biyar ba ya ba shi komai sai ruwa. Itacen ya kai fam 169, ƙasar kuwa da ƙyar ta ragu. Tunda ruwa ya zama itace, in ji hankalinsa, lalle akwai abin da zai mai da itace, da dutse, da ƙarfe zuwa ruwa, ya bar tsantsar maganin da ke cikinsu. Waraka yake nema, ba zinariya ba.

Awonsa daidai ne, fassararsa ce ta kauce. Kaso mai yawa na nauyin nan daga iska ya zo, alhali shi da kansa ya ƙirƙiro kalmar gas. Wannan ne ya fi taɓa ni: amsar tana hannunsa na hagu, yana laluben ta da na dama.

Tambayar tulun ma tsohuwa ce. Johann Kunckel na Jamus ya riga malaminmu yin ta. Duk da haka ban iya yi wa George Starkey dariya ba. Daga Bamuda ya fito, ya yi karatu a Harvard, ya koya wa Robert Boyle aikin murhu da kwalabe, ya yi ta tace fitsari yana neman alkahest har bashi ya kai shi kurkuku. Da annoba ta auka wa Landan a 1665, bai gudu ba. Ya zauna yana ba majinyata magungunansa, cutar ta tafi da shi a shekarar.