Tarihin ƙuri'ar mata: daga makarantar Rufa'a zuwa majalisar Khartoum

A Sudan, hanyar da ta kai mata rumfar zaɓe ta faro ne daga aji. A shekarar 1907, Sheikh Babiker Badri ya buɗe makarantar boko ta 'yan mata a gidansa da ke Rufa'a, a bakin kogin Shuɗin Nilu, ya fara da 'ya'yansa da na maƙwabta. A lokacin, ƙasashen da matansu ke jefa ƙuri'a ba su taka kara sun karya ba: Niyu Zilan ta fara a 1893, Finland ta biyo baya a 1906. Amurka sai a 1920, Faransa kuwa sai a 1944.

Matan da suka yi karatu su ne suka kafa Ƙungiyar Matan Sudan a 1952. A zaɓen 1953, mata masu ilimin sakandare kaɗai aka bari suka yi zaɓe, kuma ba su da yawa. Sai bayan juyin juya halin Oktoban 1964, wanda ya kawar da mulkin Janar Ibrahim Abboud, aka bai wa dukkan mata 'yancin zaɓe da tsayawa takara. A 1965 Fatima Ahmed Ibrahim ta zama mace ta farko a majalisar dokokin ƙasar.

Amma ga matan ƙauyukan Hausawa na Jazira da Mai Wurno, akwai wani shingen: takardar zama ɗan ƙasa. Dokar 1957 ta nemi shaidar zama a Sudan tun daga 1897, alhali kakannin da yawansu sun iso ne bayan yaƙin Burmi na 1903.

A ƙasar Hausa ma ba rana ɗaya aka samu 'yancin ba. A Nijar, dokar Faransa ta 1956 ce ta buɗe zaɓe ga kowane baligi, mace da namiji. A Arewacin Najeriya kuwa, inda Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri kan fafutukarta, sai a 1976 aka amince, mata suka shiga babban zaɓe a 1979.

Rabon Sudan da babban zaɓe tun 2015, ga kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba miliyoyin mata da gidajensu. 'Yancin yana nan a rubuce, rumfar zaɓen ce babu.