Ƙananan Motoci Uku da Zinariyar Turin

A shekarar 1969, sa'ad da ƙasarmu ke cikin fitinar yaƙin basasa, Utako kuwa, wadda yau unguwa ce a Babban Birnin Tarayya, ƙauye ne na Gbagyi a tsakiyar gonaki, domin ba a kafa birnin ba sai 1976, Turawan Ingila suka fitar da wani fim mai suna The Italian Job, wanda har yau dattawan da suka san daɗin silima, in an ambace shi, sai ka ga sun gyara zama. Peter Collinson ne ya shirya shi, Michael Caine ya fito a matsayin Charlie Croker, madugun ɓarayi, amma alal haƙiƙa taurarin ƙissar motoci ne guda uku ƙirar Mini Cooper, ja da fara da shuɗiya.

Asalin motar nan ƙunci ne. Da Jamal Abdul Nasir ya ƙwace Mashigin Suwez a 1956, aka yi rikicin da ya toshe hanyar jiragen mai, har ta kai hukumar Ingila ta ƙayyade wa kowa fetur da awo, sai kamfanin BMC ya umarci injiniyansa Alec Issigonis da ya ƙera mota mai ƙarancin shan mai wadda za ta ɗauki mutum huɗu. Shi kuwa ya kwantar da injin a gicciye, ya tura ƙafafun zuwa kusurwoyi, ya fitar da ita a 1959, tsawonta ƙafa 10 kacal. Daga baya John Cooper ya ƙara mata ƙarfi, ta ci gasar Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967.

Hikimar ɓarayin ita ce abin lura. Sun nufi zinariya ta dala miliyan 4 a birnin Turin na Italiya, maimakon su dogara da bindiga kuwa, sai suka musanya faifan kwamfutar da ke sarrafa fitilun hanya, gari ya cunkushe, 'yan sanda suka maƙale. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kasuwar Utako da la'asar, motocin haya na fitowa daga tasha, 'yan kamasho na kira, direba na danna oda ba wurin motsi, ba ya buƙatar sharhi. A irin wannan hali ne motocin uku suka gangara matakalar coci, suka ratsa rumfunan masu shaguna, suka hau rufin masana'antar Fiat, suka tsallaka madatsar Kogin Po, suka shige magudanar ruwa, wadda bisa gaskiya a Coventry ta Ingila aka ɗauki hotonta. Direbobi ne na sosai suka yi tuƙin, ƙarƙashin wani Bafaranshe, Rémy Julienne, ba siddabarun na'ura ba.

Masu fim ɗin ba su bari haram ta yi albarka ba: an rufe labarin ne da bas ɗin ɓarayin yana lilo a bakin kwazazzabo cikin tsaunukan Alps, mutane a gefe guda, zinariya a ɗaya gefen. Amurkawa sun sake yin fim ɗin a 2003 da sababbin motoci, a ganina bai kama ƙafar na farko ba. Tsohuwar Mini kuwa an daina ƙera ta a watan Oktoba na 2000, bayan an yi fiye da miliyan 5.