Yadda 'yan dambe ke kwance zare a ƙasar Kabi

A Birnin Kebbi da Argungu, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, da wuya a ji ranar da ɗan dambe ya bayyana cewa ya yi ritaya. Galibi sai dai a lura an daina kiran sunansa a fage, kuma makaɗa sun koma kan wani yaro mai tasowa.

Dambe da kokawa tsofaffin wasanni ne a kwarin Rima. Labaran gargajiya na cewa Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya fara yin suna ne a fagen gwada ƙarfi kafin ya zama jarumin yaƙi. Wasannin biyu na cikin abubuwan da ake nunawa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Sai dai duk wannan daraja ba ta amsa tambayar da ke jiran kowane ɗan wasa: da me zai rayu idan hannu ya daina kisa?

Abubuwan da ke kawo ƙarshen wasa

Na farko shi ne shekaru. Dambe wasa ne na zafin nama. Ana naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare, shi ne mashi, ɗayan kuma a miƙa shi gaba a matsayin garkuwa. Ana yin turmi uku, kuma wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. A irin wannan tsari, jinkirin ƙiftawar ido ya isa ya kayar da gwani. Ƙarfi kan daɗe a jikin mutum, amma saurin kaucewa shi ne ke fara tafiya.

Na biyu shi ne rauni. Karayar ƙashin hannu, da gocewar muƙamuƙi, da zubewar haƙora, da lalacewar ido ko kunne, duk sanannu ne a gidajen dambe. Akwai kuma illar da ba a gani da ido. Tun a 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda yawan shan duka a ka ke jawo wa 'yan damben zamani rawar jiki, da nauyin baki, da mantuwa. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta bambanta dukan safar hannu da dukan zare.

Na uku shi ne faɗuwar kasuwa. Ɗan dambe na samun kuɗinsa ne daga abin da mai gidan dambe ya ba shi, da liƙin 'yan kallo, da kyautar attajirai da 'yan siyasa, sai kuma gasa ta musamman inda ake sa babur ko mota. Duk waɗannan na bin wanda ke tashe ne. Idan yara suka kashe babban ɗan wasa sau biyu ko uku a jere, farashinsa kan faɗi, gayyata ta ragu, har ya ga zaman gida ya fi masa mutunci.

Na huɗu shi ne iyali da addini. Akwai masu barin fage bayan aure ko bayan sauke farali, wasu kuma saboda matsin iyaye, ganin yadda malamai da dama ke sukar layu da tsafe-tsafen da suka dabaibaye wasan, da kuma cutar da jiki da gangan.

Sana'ar da ake komawa

A da, barin dambe ba ya nufin rasa abinci. Wasan na mahauta ne tun asali, kuma lokacinsa shi ne kaka, bayan an kai amfanin gona gida. Samari kan bi gari-gari da makaɗansu, su dawo kafin damina. Wanda ƙarfinsa ya ja baya yana da wuƙar fawa, yana da gona, yana kuma ƙarƙashin inuwar Sarkin Fawa. A bakin gulbi kamar Argungu, ga su, ga noman fadama.

Wannan tsari ya sauya da buɗe gidajen dambe na dindindin a birane irin su Kano da Abuja da Legas, inda ake karɓar kuɗin ƙofa ana wasa rani da damina. 'Yan wasa sun kasu zuwa sansanoni kamar Kudu da Arewa da Guramaɗa, kuma 'ya'yan da ba na mahauta ba sun shigo da yawa. Kuɗi ya ƙaru, amma matashin da ya shafe shekara goma yana yawon dambe kan dawo gida ba tare da ya koyi wata sana'a ba.

Wasu kan ci gaba da cin abinci a cikin harkar. Sukan zama alƙalan wasa, ko masu ɗaura wa yara zare, ko iyayen gida masu riƙe da tawaga. A nan ne al'adar laƙabi ke aiki: yaro kan jingina sunansa ga ubangidansa, a kira shi Shagon wane, ko Bahagon wane, ko Autan wane. Ta haka sunan tsohon ɗan wasa ke ci gaba da shiga fage bayan jikinsa ya bari.

Waƙa ma na yin wannan aikin. Yawancin waɗanda suka san sunan Shago da Ɗandunawa a yau ba su taɓa ganin dambensu ba, sun ji su ne a bakin Muhammadu Bawa Ɗan Anace. Amma kirari ba ya biyan kuɗin asibiti.

Maƙwabta a Nijar

Jihar Kebbi na iyaka da jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, inda kokawa ke da gatan hukuma. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar farko a Tawa, gwamnatin ƙasar ke shirya kokawar neman takobi tsakanin jihohi. An sa wa filayen kokawa sunayen tsofaffin zakaru: na Dosso na ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Maraɗi kuma da sunan Kantu, wanda ya fara cin takobin.

Wannan karramawa ce babba, sai dai ta tsaya ne ga ƙalilan da suka kai ƙololuwa.

Yadda abin yake a Amurka

Wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da kulki a ruga a zagaya fili, na nuna wata hanya dabam. A can ma akwai masu bankwana cikin shagali. Mariano Rivera na ƙungiyar New York Yankees ya sanar tun farkon kakar 2013 cewa ita ce ta ƙarshe, aka riƙa karrama shi a filayen abokan hamayya. Ichiro Suzuki ya yi wasansa na ƙarshe a birnin Tokyo a 2019 yana da shekara 45. Akwai kuma waɗanda ciwo ya tsayar, kamar Lou Gehrig, wanda ya buga wasa 2,130 a jere kafin cutar jijiyoyi ta tilasta masa tsayawa a 1939, ya mutu a 1941.

Amma mafi yawan 'yan besbol ba sa samun bikin bankwana. Ƙungiya ce ke sallamarsu, su jira wata ta neme su, shiru. Ta wannan fuskar ba su da bambanci da ɗan damben da aka daina gayyata.

Bambancin yana ga abin da ke biyo baya. Tun 1947 babbar gasar ƙasar ke da asusun fansho, wanda ƙungiyar 'yan wasan ta yi ta fafutukar faɗaɗawa, har da yajin aiki. Daga 1980, kwana 43 a cikin babbar gasar sun isa mutum ya cancanci wani kaso, shekara goma kuma su ba shi cikakken fansho.

Abin da ya rage

A Najeriya, dokar fansho ta 2004 da wadda ta maye gurbinta a 2014 sun fi shafar masu albashi. A 2019 ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho domin masu sana'ar kansu, wanda ɗan dambe ma zai iya shiga, amma sai shi da kansa ya riƙa ajiyewa daga abin da ya samu.

A 'yan shekarun nan bidiyon dambe ya samu miliyoyin masu kallo a YouTube, kuma kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship sun shigo da rubutattun ƙa'idoji da kulawar likitoci a wasanninsu. Wannan na iya rage raunin da ake ji a fage. Batun abin da zai riƙe mutum bayan ya bar fagen kuwa ya dogara ne, kamar yadda tarihin besbol ya nuna, ga ko 'yan wasan za su haɗa kai su nemi a riƙa ware musu wani kaso daga kuɗin ƙofa tun suna da ƙarfinsu.