Ba Mai Awo Ne Ya Jawo Ba: Sake Duba Ƙa'idar Rashin Tabbas ta Heisenberg

Akwai wani bayani da ya zama ruwan dare a littattafan fiziks da bakin malamai duk lokacin da aka zo kan ƙa'idar rashin tabbas. Wai in kana son ganin inda ilektaron yake sai ka haska shi, hasken kuwa zai tunkuɗe shi ya sauya masa tafiya, saboda haka sanin gurbinsa ya ɓata maka sanin ƙarfin tafiyarsa, wato nauyinsa a ninka da gudunsa. Bayanin yana da daɗin faɗa, ɗalibi kuma yana cafke shi nan take. Abin da yake dasawa a ran ɗalibin ne ya dame ni: cewa ilektaron na nan da gurbi tsayayye da gudu tsayayye, hannunmu ne kawai ya cika nauyi. A ganina an ɗauki reshe an mai da shi tushe.

Tarihin sananne ne ga abokan aiki (Heisenberg, 1927, Kennard, 1927, Weyl, 1928, Robertson, 1929, Schrödinger, 1930), don haka abu biyu kawai zan tsakuro. Labarin tunkuɗa daga Heisenberg kansa ya fito, a misalinsa na madubin ƙara girma mai aiki da hasken gama. Amma tun kafin a buga takardarsa ta 1927, Niels Bohr ya ja da shi a Kopenhagin, har Heisenberg ya ƙara ɗan bayani a ƙarshenta yana amincewa cewa tunkuɗar kaɗai ba ta isa hujja ba, sai an lura da faɗin bakin madubin da kuma ɗabi'ar haske ta igiya. Abu na biyu shi ne cewa lissafin da muke rubutawa a allo yau, cewa bazuwar gurbi a ninka da bazuwar ƙarfin tafiya ba za ta gaza ħ/2 ba, na Earle Kennard ne. Darajar ħ kuwa kusan 1.05 × 10⁻³⁴ ce a ma'aunin jul-sakan.

A duba yadda ake gwada lissafin Kennard a aikace. A shirya ilektaron dubu goma ta hanya iri ɗaya, a raba su gida biyu. Dubu biyar a auna gurbin kowanne sau ɗaya, a rubuta, a rabu da shi. Sauran dubu biyar a auna ƙarfin tafiyarsu, su ma sau ɗaya ɗaya. Lambobin kashin farko za su warwatsu da wani faɗi, na kashi na biyu ma haka, kuma waɗannan faɗin biyu ne ake ninkawa. Babu ilektaron ɗaya da aka auna sau biyu. To awon gurbin da aka yi wa na kashin farko, ta ina ya tunkuɗi na kashi na biyu, wanda bai taɓa shi ba? Ko da na'urorin biyu ba su da kuskure ko na ƙwayar zarra, bazuwar tana nan, domin tana cikin halin da aka shirya ƙwayoyin a kai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun aikin de Broglie na 1924 aka san ƙarfin tafiyar ƙwaya yana ɗaure da tsawon zangon igiyarta. Igiya mai zango guda tak shimfiɗe take ko'ina, ba ta da wuri. In ana son a tattara ta a ƙaramin gurbi, dole a gauraya zanguna da yawa, wato ƙarfin tafiya iri-iri. Mai goge ya san irin wannan a hannunsa. In ya ja izga a kan tsirkiya ya tsawaita, kunne yana kama muryar sarai, sai dai ba za ka ce ga daƙiƙar da sautin yake ba, don ya mamaye lokaci. In kuwa ya ɗan taɓa ta cikin ƙiftawar ido, ka san lokacin daidai, amma murya ta baje. Ba laifin kunne ba ne, sautin ne da kansa ba ya ɗauke da murya guda.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce inda ƙa'idar ke aiki babu mai kallo. Atam ɗin haidirojin a halinsa na ƙasa yana da bazuwar gurbi, ta fuska ɗaya, daidai da ma'aunin Bohr, kusan 5.3 × 10⁻¹¹ na mita. In aka ninka ta da bazuwar ƙarfin tafiya ta wannan fuskar, abin da ke fitowa kusan 0.58ħ ne, ɗan sama kaɗan da iyakar 0.5ħ. Da ilektaron zai ƙara matsawa kusa da cibiya, da bazuwar ƙarfin tafiyarsa ta ƙaru, kuzarin motsinsa ya haura fiye da ribar da kusancin zai ba shi. Abin da ya hana atam rushewa ke nan. Haka hiliyam: ko an sanyaya shi har kusa da ƙarshen sanyi, ba ya daskarewa a matsin iska na yau da kullum, saboda ƙwayoyinsa marasa nauyi ne, jan da ke tsakaninsu rarrauna ne, motsin da ƙa'idar ta tilasta musu kuma ya fi ƙarfin wannan jan. Sai da Keesom ya matse shi a Laidin a 1926 kafin ya daskare, matsin da ake buƙata kuwa ya ninka na iskar duniya kusan sau 25. Babu wani foton, wato ƙwayar haske, da aka aika ya leƙa ƙwayoyin nan.

Da yawa daga masu ra'ayi irin nawa sun ɗauka an gama magana a 2012. Masanao Ozawa ya nuna a 2003 cewa in aka fayyace kuskuren awo da tunkuɗa ta hanyarsa, ninkinsu yana iya sauka ƙasa da iyakar da ake jinginawa Heisenberg, ya kuma kawo sabuwar ƙa'ida mai gaɓa uku. A 2012 ƙungiyar Yuji Hasegawa a Biyana, da niyutiron, da ta Aephraim Steinberg a Toronto, da foton, suka ba da rahoton sakamakon da ya dace da lissafin Ozawa. Ni dai ba zan jingina da waɗannan sosai ba, ko da yake suna goyon bayana. Abin da aka auna a Biyana juyin niyutiron ne, a Toronto kuma karkatar haske, ba gurbi da ƙarfin tafiya ba. Ga kuma wanda ya zo ya girgiza tushen fassarar tasu.

Marigayi Paul Busch na jami'ar York ta Ingila, tare da Pekka Lahti da Reinhard Werner, sun buga takarda a 2013 wadda take cewa sun tabbatar da ƙa'idar kuskure da tunkuɗa ta Heisenberg. Wannan ita ce suka mafi nauyi a kan matsayina, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. A ganin Busch, ma'aunin Ozawa ya dogara ne da hali guda na ƙwaya, don haka yana iya yabon na'urar banza. A ɗauki na'urar da ba ta taɓa ƙwayar ko kaɗan, sai dai kullum ta fitar da lamba ɗaya da aka saka mata. In aka ci sa'a ƙwayar tana tattare a daidai wannan gurbin, kuskuren na'urar zai fito ɗan mitsitsi, tunkuɗarta kuma sifiri, ninkinsu ma sifiri. An karya iyakar ke nan a takarda, alhali ba a auna komai ba. Abin da Busch ya nema shi ne a gwada na'ura yadda masu awo na gaskiya ke yi: a ba ta halaye iri-iri da aka san gurbinsu, a ɗauki mafi munin abin da ta yi, haka ma ga tunkuɗa. Da wannan ma'auni, ninkin kuskure da tunkuɗa ba ya gaza ħ/2. Wato duk na'urar da ta cancanci a kira ta mai auna gurbi da kyau, dole akwai halin da take hargitsa ƙarfin tafiyarsa sosai.

Na yarda da wannan sakamako, kuma ina ganin duk mai cewa tunkuɗa tatsuniya ce ya wuce gona da iri. Tunkuɗa gaskiya ce, tana da iyaka, Busch da abokansa sun kafa ta da lissafi. Sai dai a bi hujjar tasu a ga inda ta samo ƙarfinta. Sun fara nuna cewa ya isa a duba wani rukuni na musamman na na'urori masu auna gurbi da ƙarfin tafiya tare. A cikin wannan rukuni, kuskuren biyu ba komai ba ne illa bazuwar gurbi da ta ƙarfin tafiya na wani hali na kwantum da ke tattare da na'urar kanta. Daga nan sai suka ɗora lissafin Kennard a kan wannan halin, iyakar ta fito. Ashe na'urar tana tunkuɗa ne saboda ita ma da kwantum aka gina ta, ita ma ba ta iya tsayar da abu biyun tare. Mai yiwuwa da Busch na raye, shi da kansa ba zai yi jayayya da wannan ba, tunda a fili yake a hujjarsu. Wanda bai kamata ya fake da sunansa ba shi ne mai koyar da cewa tunkuɗa ce ta haifi rashin tabbas.

Akwai sauran suka ɗaya da ke bin sawun wannan: ai shirya ƙwaya ma awo ne. In ka tura ƙwayoyi ta siririn tsagi, ka auna gurbinsu ke nan, bajewar da suke yi bayan sun fita kuwa tunkuɗar bakin tsagin ce. Gwajin Nairz da Arndt da Zeilinger na 2002 ya nuna wannan bajewa da manyan ƙwayoyin C70 masu zafin digiri 900 a ma'aunin Kelbin: yadda tsagi ke ƙara ƙunci, haka ƙwayoyin ke ƙara bajewa. Gaskiya ne bangon tsagin yana musayar ƙarfin tafiya da ƙwayar. Amma girman bajewar yana bin faɗin tsagin da darajar ħ ne, kamar yadda lissafin igiya ya faɗa, abin da karon ƙwaya da bango irin na duwatsu ba zai bayar ba. Kuma atam ɗin haidirojin bai bi ta kowane tsagi ba kafin ya zauna a halinsa.

A nan dole in rage faɗin da'awata zuwa abin da hujja ta ɗauka. Duk abin da na kawo bai tabbatar da cewa ƙwaya guda ba ta da gurbi kafin a auna ta ba, ko da yake zuciyata ta fi karkata can. Fassarar David Bohm ta 1952 tana ba kowace ƙwaya gurbi da hanya tsayayyu, kuma tana fitar da dukkan lambobin nan ba tare da saɓani ba. Heisenberg ma, a laccocinsa na Shikago da aka buga a 1930, ya amince cewa ƙa'idar ba ta hana a lissafa abin da ya riga ya wuce. Abin da ya rage a hannuna shi ne wannan: babu wata hanyar shiri da za ta samar da tarin ƙwayoyi masu ƙuntatacciyar bazuwa a fuskokin biyu tare, kuma iyakar awo daga wannan ta samo asali.

Masu aikin LIGO a Amurka suna fama da bambancin nan na tunkuɗa da bazuwa kullum. Na'urarsu tana auna motsin madubai masu nauyin kilo 40 da hasken leza, kuma hayaniyar kwantum iri biyu ce ke damunta: rashin daidaiton isowar foton, da turin da hasken ke yi wa madubin, wanda shi ne tunkuɗar Heisenberg ƙiri-ƙiri. Carlton Caves ya nuna a 1981 cewa duka biyun daga bazuwar halin hasken da ke shigowa ta buɗaɗɗiyar ƙofar na'urar suke tasowa. Shi ya sa maganin da aka yi bai tsaya ga sassauta awo ba. Tun 2019 ake cusa matsattsen haske, wanda aka rage bazuwarsa ta fuska ɗaya aka bar ta ta ƙaru ta ɗaya fuskar. Da wannan ya ƙara turin madubi a ƙananan mitoci, sai aka gina bututu mai tsawon mita 300 da ke juya fuskar matsin gwargwadon mita, aka fara aiki da shi a zagayen lura na 2023, duka hayaniyar biyu suka ragu.